Shingen Ƙaya a Sayam Forage

Tsakanin Damagaram da Diffa akwai tafiyar kilomita kusan 470, kuma wanda ya samu gefen taga ya sa ido a kan itatuwa zai ga yadda ganye ke ƙanƙancewa, ƙaya tana ƙara tsawo. Kukokin Mirriya da gawon gonakinta su ne ke fara sallamar matafiyi. Kafin a kai Gure daji ya koma hannun aduwa da kandili da magarya da ɗakwara, sai tumfafiya jefi-jefi a bakin kwalta. Daga Gudumariya zuwa Maine Sorowa kuwa rairayi ke mulki: tuddai farare, a tsakaninsu kwarurruka masu dabino da goruba, inda ake noman rani ake kuma ɗibar kanwa. A jikin wasu tuddan mutane sun kafa shingaye na rassan kalumbo da kaba, sun gitta su kamar gidajen dara, a cikin kowane gida an dasa ɗan icce. Shingen ke karya ƙarfin iska har iccen ya kama ƙasa. Inda aka yi haka tudu ya tsaya. Inda ba a yi ba, za ka ga dabino rairayi ya binne shi har wuya.

Ni mai garka ne, kuma mai garka duk inda ya sauka abin da ake shukawa yake fara tambaya. Shi ya sa da na isa Diffa a tsakiyar hunturu, kafin a gama shirin shiga sansanin 'yan gudun hijira na Sayam, na nemi a kai ni wajen kogi.

Bakano da ya tsaya a bakin Komadugu Yobe ruwan garinsu yake kallo. Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, shi kuma ya gamu da na Jama'are, su ratsa fadamun Nguru, su wuce Gashuwa da Gaidam, sannan ruwan ya zama iyakar Nijar da Najeriya na tsawon kilomita kimanin 150 kafin ya faɗa tafkin Chadi kusa da Bosso. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 duk a kan wannan ruwa suke, don haka abin da aka tare ko aka saki a Kano, manomin Diffa yana jin sa a gonarsa. Ruwan kan iso a tsakiyar damina, ya cika maƙil wajen Nuwamba da Disamba, daga nan ya soma janyewa. Da shi ake noman tattasan da ya yi wa Diffa suna, wanda ake wa kirari da jan zinare. Na tarar ana tsinka, an shanya shi a ƙasa ja wur, ƙamshinsa na shiga hanci tun daga nesa. Wannan noma ya sha wuya. Bayan harin da Boko Haram ta kai Diffa da Bosso ranar 6 ga Fabrairun 2015 an kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka hana cinikin tattasai da na kifi, aka ƙuntata sayen takin zamani da man injin ban ruwa. Sai a watan Oktoban 2017 aka ɗage hanin tattasai.

A gefen wata garka, inda ruwa ya janye ya bar laka ta tsattsage, na ga kwarko ya yi tsiri. Ganyensa toka-toka mai ratsin fari, kowane gefe ƙaya, furensa rawaya mai laushi. Mai garkar yana sare shi da fartanya yana jefarwa, kuma yana da gaskiya: 'ya'yansa guba ne, a birnin Delhi na Indiya ma mutane sun mutu a 1998 sakamakon man girki da aka gauraya da mansu. Amma na daɗe ina kallonsa, domin ganyen nan ya yi kama ƙwarai da na wata shuka da Turawa ke saye da kuɗi mai tsoka su ƙawata ƙofar gida.

Sunanta na kimiyya Eryngium maritimum, ƙayar bakin teku. A cikin rairayin gaɓar tekun Turai take fita, daga Bahar Rum har tekun Baltik, inda iska ke ɗauke da gishiri kuma ruwan sama ba ya zama a ƙasa. Tsayinta bai cika wuce gwiwa ba. Ganyenta mai kauri ne, shuɗi-shuɗi da toka, an shafe shi da wani abu mai kama da kakin zuma da ke hana ruwan jikinta fita. Furenta dunƙule ne shuɗi, kewaye da ƙaya. Wanda ya gan ta zai rantse 'yar gidan sarƙaƙiya ce, alhali dangin karas ce, kuma a saiwa ake gane zumuncin: doguwar saiwa guda mai nutsewa fiye da mita ɗaya tana neman laima. A garin Colchester na Ingila an yi ƙarnoni ana dafa saiwar da sukari ana sayarwa a matsayin alewa da magani. A Jamus da Poland kuwa masu yawon bakin teku sun yi ta tsinkar ta don ado har ta kusa ƙarewa, doka ta shiga tsakani. Danginta sun kai kala 250. Akwai wata babba mai launin azurfa da ake dangantawa da Ellen Willmott, wata attajira mai son lambu da ta rasu a 1934, wadda ake ba da labarin tana yawo da irinta a aljihu tana watsawa a lambunan mutane ba tare da sun sani ba.

Ƙa'idar shuka ƙayar bakin teku gajeriya ce. Rana tsantsa take so, da ƙasa mai tsakuwa ko rairayi wadda ba ta riƙe ruwa. Idan aka cika mata taki sai ta yi tsawo ta langaɓe, shuɗin ya dushe. Idan ruwa ya kwanta a gindinta sai saiwa ta ruɓe. Ba ta son a tumɓuke ta a sauya mata wuri, saboda doguwar saiwar nan idan ta karye da wuya ta murmure. Irinta kuma ba ya tsira da kyau sai ya sha makonni cikin sanyi mai tsanani, har masu renonta kan ajiye shi a firji kafin su shuka. A kusa da Colchester ɗin dai wata mata mai suna Beth Chatto ta mai da wurin ajiye motoci lambun tsakuwa a farkon shekarun 1990, ta cika shi da ire-iren wannan shuka, ta ce ba za a taɓa yi masa ban ruwa ba. Har yau mutane na zuwa kallonsa.

Ɗan'uwanta a kama, ba a jini ba, shi ne iccen holi, mai ganye kore shar mai sheƙi da ƙaya a gefe, wanda Turawa ke yin shinge da shi suna kuma ado da jajayen 'ya'yansa lokacin Kirsimeti. Akwai namiji akwai mace, kuma macen ba ta 'ya'ya sai da namiji a kusa. Abin da ya fi burge ni game da shi, ganyen ƙasa da bakin dabba ke kaiwa shi ne mai ƙaya, na can sama sau da yawa sumul yake. Makiyayan arewacin Ingila na da can sukan sassabo rassan saman su ba tumaki a lokacin sanyi, yadda namu ke yi da gawo. Sai dai holi iccen laima ne da sanyi. Zafin Afrilu da Mayu na Diffa, da kan haura digiri 40, ba zai bar shi ya ga damina ba. Ita ma ƙayar bakin teku ba ta da abin yi a nan. Rairayin zai yi mata, amma ruwan samanta yana zuwa da sanyi ne, namu kuwa da zafi, kuma ƙasarmu ba ta da sanyin da zai tashi irinta.

Da wannan tunani na kama hanyar Sayam. Ana barin Diffa ta yamma, a saki kwalta a yi arewa cikin rairayi, tafiyar kilomita 40 da 'yan kai daga gari. Da rana ake shiga, da izinin hukuma, a kuma fito kafin la'asar ta yi sanyi. Motar da ba ta ja da ƙafa huɗu ba ta da ta cewa a wannan hanya. Muka yi ta wuce garken raƙuma da jajayen shanun Fulani masu dogayen ƙahoni, da amalanken shanu ɗauke da itace. Ƙarangiya ta bushe ta yi fari, ta cika ko'ina.

An buɗe sansanin a ƙarshen Disamban 2014. A watan Nuwamban shekarar ne Boko Haram ta afka wa Damasak, dubban mutane suka tsallako kogi, wasu da iyo, suka taru a Gagamari cikin gundumar Shetimari. Gwamnatin Nijar da hukumar kula da 'yan gudun hijira ta HCR suka zaɓi Sayam saboda nisansa da iyaka da kuma rijiyar burtsatsen da ke wurin. Daga baya mutanen Malam Fatori da Abadam da Baga da tsibiran tafki suka ƙaru. Yau mazaunansa sun haura dubu 30, yawancinsu Barebari, akwai Hausawa da Fulani da Larabawan Shuwa. Tantunan farko da yawa sun zama ɗakunan ƙasa da na zana. Akwai makaranta, akwai asibiti, akwai kasuwa. Yaran da aka haifa a nan sun yi wayo, ba su san wani gari ba.

Tun kafin a hango rufin farko daji ke ba da labarin yawan mutanen. Itatuwa na raguwa, kututture na ƙaruwa, waɗanda suka rage kuma an sassare musu rassa. Wani ɓangare na saran na girki ne, kuma tun 2016 aka soma raba tukwanen gas a jihar Diffa don a rage shi. Amma akwai wani saran da ba a cika maganarsa ba, wato na shinge. Duk mai son ya shuka wani abu a Sayam, ko kubewa ce a bayan ɗaki, sai ya fara kewaye wurin da ƙaya, in ba haka ba awaki su gama da shi kafin azahar. Ana saro rassan kandili da magarya da aduwa a jibge. Gara ta ci ƙasansu, iska ta watsa samansu, mai neman makamashi ya zari abin da ya samu, shekara na zagayowa a koma daji a sake sara. Garkar da ake yabo saboda korenta, a bayanta akwai itatuwan da aka yi wa ƙwal don a kare ta.

A wajen garakan da aka tanada kusa da famfo mata suka fi yawa. Sun shuka albasa, salati, kabeji, yakuwa, tumatir, ga zogale a layi. Inda ƙungiyoyin agaji suka kewaye da waya, wayar ta yi aiki, amma ta soma tsatsa, an ɗaga ta a wasu wuraren, an toshe ɓarakar da ƙaya. Can gefe na hangi wani dattijo yana tanƙwara rassan wani shinge da ke da ganye. Na ƙarasa na ce, “Baba, sannu da aiki.” Ya amsa da Barbarci, sannan ya juya Hausa, ya ce in matso in gani amma in kula da rigata.

Magarya ce da ɗakwara ya jera layi biyu, tsayinsu ya kai ƙirjina. Ya gaya mini shi manomin tattasai ne daga wajen Damasak, kuma shekarun farko bai dasa ko tsinke ba, domin a ganinsa wanda ya dasa icce ya yarda ke nan ba zai koma gida ba. Da ya gaji da sayen ƙaya a hannun masu amalanke sai ya tara ƙwallon magarya, ya fasa da dutse ya fidda ƙwayar ciki, ya shuka a tsofaffin ledoji da gwangwanaye. Irin ɗakwara kwana guda ya jiƙa shi. Na aduwa a garken awaki ya tsinto, waɗanda suka ci suka tofar, ya ce sun fi saurin fita, kuma bai rene su a leda ba, ya binne su ne kai tsaye inda yake so su zauna, saboda aduwa ba ta son a taɓa mata saiwa. Da na ji haka na ce a raina, ai ƙa'idar ƙayar bakin teku ke nan, mutumin da bai taɓa jin sunanta ba ya san ta a jikin aduwa.

Sauran aikin ya nuna mini da hannu. Ana reno wata uku zuwa huɗu, a fara wajen Afrilu, a dasa bayan ruwa ya sauka sosai. Tsakanin gindi da gindi kamu biyu, layi na biyu ya faɗa a tsakanin na farko. Idan ɗan iccen ya kai gwiwa sai a datse kansa, ko da zuciya ba ta so, don ya yi rassa tun daga ƙasa, domin akuya ta ƙasa take shiga. Rassan da suka miƙe a tanƙwara su tun suna ɗanye a saƙa cikin na maƙwabci. Shekara biyu ko uku na farko sai an kare shingen kansa da busasshiyar ƙaya, bayan nan shi ke ba da ƙayar da za a kare wani. Inda ba ruwan reno, akwai aguwa da dashi, waɗanda reshe kawai ake yanka a kafa a ƙasa gab da faɗuwar damina. Aguwa ba ta da ƙaya, amma dabba ba ta cin ta, sai dai a kiyaye ido daga nononta.

Wannan shinge yana ciyar da mai shi. Magarya ta ba yara abin tsotsa, ta ba mata garin da ake yin akuri. Aduwa ta ba da 'ya'ya da mai da ganyen miya a lokacin da babu wani kore a daji. Ɗakwara kuma ita ce uwar ƙaro, kuma ƙasar Manga, daga Gure zuwa Maine Sorowa da Diffa, ita ce cibiyar ƙaron Nijar kafin farin shekarun 1970 ya karya ta. In an haɗa da bagaruwa, ita ma tana da kasuwa a wajen majema. Wata mata da ke ban ruwa kusa da mu ta ce ita lalle ta jera a bayan ɗakinta, in ya girma yana yin tsini, ga shi kuma ba a biki a sansanin sai an nemi ganyensa. Ta kira ni ɗana, ta ce in na sake zuwa in taho mata da irin zogale mai kyau.

Ban ga dalilin da zai sa a ce waɗannan ba shukokin lambu ba ne. Mun saba idan an ce ado sai a nemo abin da ke shan ruwa safe da yamma, a dasa a ƙofar ofis, ranar da famfo ya lalace ya mutu. A kan hanyar Sayam na tsaya na duba faskara toyi da ta bushe a tsaye. Da kaka furenta shuɗi ne, kewaye da ƙaya, kuma kanta yakan riƙe iri a rufe har sai ruwa ya taɓa shi sannan ya buɗe. Ga dayi da raƙuma ke so, ga zazar giwa mai fure shuɗi a bakin tabkuna. Ko kwarko, da asalinsa daga Meziko yake, masu lambu a Turai suna shuka shi don furensa, ko da yake ni ba zan kai shi inda yara da dabbobi suke ba. Da za a ware ɗan fili a harabar makarantar Sayam a jera waɗannan, a rubuta sunan kowace da Hausa da Barbarci da Fulatanci, da yaran da aka haifa a sansanin sun san dajin da suke ciki, kuma ba a buƙatar ko bokiti guda na ruwa bayan damina.

Akwai ƙayar da nake tsoro, kuma na gan ta a cikin sansanin da bakin hanya. Prosopis juliflora ce, 'yar Latin Amurka, da aka kawo yankin tafkin Chadi a shekarun 1970 don tsai da rairayi. Ta tsai da shi, ta kuma ba da itace da gawayi, wannan ba a musu. Amma dabbobi sun ci 'ya'yanta sun watsa irin, ta mamaye busasshen gindin tafkin ta zama kurmi, ta toshe hanyar jirage da ta makiyaya. A tudu mai nisa da ruwa ana iya sarrafa ta da gatari. A kwarin Komadugu ko kusa da garka mai ban ruwa, wanda ya dasa ta ya jawo wa jikokinsa aiki. Duk mai sha'awar kawo sabuwar shuka daga waje, ko don ado ko don shinge, ya je Ngigmi ya ga abin da wannan ta yi kafin ya buɗe ledar iri.

Abin da zan so a kawo Sayam daga nesa guda ɗaya ne, kuma ba daga wajen Nijar ba. A cibiyar binciken ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, an daɗe ana aura wa magaryarmu reshen magaryar Indiya, wadda 'ya'yanta ke kai girman ƙaramin lemun tsami, ana kiranta tuffar Sahel. Gindin namu ne, mai jure fari, saman ne baƙo. Dattijon nan yana da gindi sama da abin da zai iya ƙirgawa a shingensa, kuma da na ba shi labari ya tambaye ni sau da dama yadda ake yankan da yadda ake ɗaurin. Aikin bai wuce wuƙa mai kaifi da zaren leda da reshe mai rai ba, sai mutum ɗaya da ya iya ya zauna da su ya nuna. Kowace ranar 3 ga Agusta Nijar na bikin dashen itatuwa, tun 1975, kuma ɗiyan itacen da ake rabawa a irin wannan rana galibi bedi ne da makamantansa. Idan masu renon itatuwa na Diffa suka ware wani kaso na ledojinsu ga magarya da ɗakwara da bagaruwa, suka ba masu garka a Sayam da Gagamari da Shetimari tun farkon damina, saran shinge zai ragu cikin shekaru kaɗan.

Direba ya soma danna oda tun rana na tsaka da zafi, saboda ƙa'idar hanya. Dattijon bai raka ni ba, ya ce jikokinsa na jiran sa za su shiga daji tsintar kwanson ɗakwara. A watannin hunturu yake nuna, kuma wanda ya yi jinkiri zai tarar ƙwari sun huda irin, awaki sun cinye wanda ya zubo.